Amosanin Jini: Tarihin Gadon da Ke Ɓuya

Amosanin jini, wanda yawan zuwa asibiti ya sa mutane suka koma kiransa sikila, cuta ce da ake haihuwar mutum da ita. Ba a ɗaukarta a ruwa ko abinci ko shimfiɗa, kuma wanda ba a haife shi da ita ba, ko ya ƙare rayuwarsa yana jinyar mai ita, ba za ta kama shi ba. Daga iyaye take zuwa, da sharaɗin ta zo ta ɓangare biyu a lokaci guda: uwa ta ba da nata kason, uba ya ba da nasa. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai shi ne, galibi iyayen nan biyu garau suke. Magidanci mai yini a gona, matarsa mai surfe da daka, babu wanda ya taɓa kwanciya da ciwon ƙashi a cikinsu, amma sai ga ɗansu yana wata shida hannuwa da ƙafafu sun kumbura, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa kamar mai shawara, ba ya barci, ba ya barin kowa ya yi. Irin wannan gado, wanda ke zaune shiru a jikin iyaye ya bayyana a jikin ɗa, shi ake kira gado mai ɓuya. Cututtukan da ke bin wannan hanya suna da yawa a duniya, amma a ƙasar Hausa babu wadda ta kai amosanin jini yawa.

Ciwon ya girmi sunansa na asibiti da ɗaruruwan shekaru. Amosani a bakin mutanen da shi ne ciwon gaɓoɓi da ƙasusuwa mai tashi idan sanyi ya sauka, da hunturu ko tsakiyar damina, ya lafa, ya sake dawowa. Sauran al'ummun Afirka ta Yamma ma kowa da sunan da ya ba shi. A ƙasar Gana mutanen Ga suna cewa chwechweechwe, Fanti suna cewa nwiiwii, sunaye masu kwaikwayon yadda ciwon ke gwaguyar ƙashi. Likitan nan ɗan Gana, Felix Konotey-Ahulu, ya bi salsalar wani gida na ƙabilar Krobo, ya tarar an san ciwon a cikinsu tun wajen 1670. Wato mutane sun san shi, sun kuma san yana bin gida. Yadda yake bin gidan ne ya gagari sani.

Mafi yawan yaran da aka haifa da shi a wancan zamani ba su ma kai shekarun da za a ce suna da amosani ba. Sukan mutu kafin yaye ko jim kaɗan bayansa, da zazzaɓi, ko ƙarancin jini na farat ɗaya, ko kumburin saifa. Matar da ta yi ta binne 'ya'ya haka ana cewa tana wabi, wanda ta haifa bayan nan kuma ɗan wabi ne. Akan laƙaba masa suna irin su Ajuji ko Ayashe ko Ajefas, a nuna ba a ɗora rai a kansa ba, ko Allah ya sa ya zauna. Yarabawa suna da abiku, Ibo suna da ogbanje, duka a kan yaron da ake ganin yana zuwa yana komawa. Ba kowane wabi ba ne amosanin jini. Ƙyanda da gudawa da zazzaɓin cizon sauro sun ci nasu kason. Magani kuwa na abin da ido ya gani ne: wanzami ya yi tsaga a kan cikin da ya kumbura, ya kafa ƙaho a gaɓar da ke ciwo, a yi rubutu a sha, a yi hayaƙi, wani lokaci a ɗora abin a kan maye ko iska ko kishiya.

Hausawa ba su taɓa yin sakaci da zancen gado wajen aure ba. Kafin baiko da sa rana akwai bincike. Dattawan gida sukan tura wanda zai tambayo asalin gidan, sana'arsu, halinsu, da ko akwai kuturta ko hauka ko farfaɗiya a danginsu, kuma aure da yawa ya watse a nan tun ba a ɗaura ba. Sai dai binciken na abin da ke bayyane ne. Kuturtar da aka fi gudu ba ma gadonta ake yi ba, ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kamar yadda likitan Norwe, Gerhard Hansen, ya gano a 1873. Wanda ake gadon kuwa ba ya barin alama a jikin mai ɗauke da shi, kuma babu maƙwabcin da zai iya ba da labarinsa, tunda mai shi ma bai sani ba.

Bakin zaren ya fito ne daga wani lambu a gidan ibadar Kirista a garin Brno, cikin ƙasar Cek ta yau. Gregor Mendel, malamin coci mai koyar da kimiyya a makarantar garin, ya yi daga 1856 zuwa 1863 yana aurar da shukar waken Turawa da ake kira fis da hannunsa, yana ɗebo bununin wannan fure ya sa wa wancan, yana ƙirga abin da ya fito. A lokacin, abin da kowa ya ɗauka, har masana, shi ne gado kamar damun fura da nono ne: in an gauraya jinin uwa da na uba an gama, ba mai sake raba su, ɗa kuma zai fito tsaka-tsaki. Mendel ya haɗa doguwar shuka da gajeriya. 'Ya'yan ba su fito tsaka-tsaki ba, dukansu dogaye ne, kamar gajartar ta ɓace. Da ya shuka irin waɗannan dogayen sai gajeru suka dawo: dogaye 787, gajeru 277. Ya gwada da siffar ƙwaya, ya sami masu sulɓi 5,474, yamutsattsu 1,850. Siffofi bakwai ya bi, kowacce lissafin ɗaya ne, uku a nan, ɗaya a can.

Bayaninsa shi ne, kowace shuka tana riƙe da abu biyu a kan kowace siffa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma ba sa narkewa cikin juna. Sun fi kama da gero da dawa a ƙwarya ɗaya, waɗanda ana iya tsince su. Idan biyun suka sha bamban, ɗaya yakan rinjayi ɗan uwansa a abin da ido ke gani. Wanda aka rinjaya ya ɓuya, amma yana nan daram. Idan shukar ta zo ba da iri, ɗaya kawai daga cikin biyun take miƙawa, ba tare da zaɓi ba. Mai ɓuya ba ya fitowa fili sai ya haɗu da irinsa. Abubuwan nan su ne yau ake kira ƙwayoyin gado. Mendel ya karanta sakamakonsa a gaban ƙungiyar masana ta garinsu a 1865, aka buga a 1866, ba wanda ya kula. Ya rasu a 1884. Sai a 1900 wasu masana tsirrai suka sake cin karo da ƙa'idar, aka tono takardarsa.

Shekara biyu kacal bayan haka aka gan ta a jikin ɗan Adam. Archibald Garrod, likita a Landan, yana bin wata cuta da ba kasafai ake ganinta ba, wadda ke sa fitsari ya koma baƙi idan ya sha iska. Iyaye mata kan fara ganinta a tsumman jariri. Ya lura cutar na bayyana ga 'yan uwa ciki ɗaya alhali iyayensu ba su da ita, kuma da yawa daga cikin iyayen auren zumunci suka yi. William Bateson, wanda ya fi kowa yaɗa aikin Mendel a Ingila, ya nuna masa cewa halin gado mai ɓuya ke nan: dangi na kusa sun fi kowa yiwuwar gadar ƙwaya iri ɗaya daga kaka ɗaya. Garrod ya buga bayanin a 1902. A 1908 ya ƙara wasu a jerin, har da haihuwar zabiya, wadda Hausawa suka sani sarai: baƙin uba, baƙar uwa, ɗa fari sol, kuma ɗan nasu ne su biyu, babu wata cin amana a ciki.

Amosanin jini ya shiga littattafan likitocin Turawa ta Amurka. A ƙarshen 1904 wani saurayi baƙar fata daga tsibirin Girenada, mai karatun likitan haƙori a Shikago, ya je asibiti ba shi da lafiya. Ƙaramin likita Ernest Irons ya duba ɗigon jininsa a madubin ƙara girman abu, ya ga jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ya kamata su zama kewayayyu kamar faifai, wasu sun miƙe sun lanƙwashe kamar lauje. Maigidansa James Herrick ya buga labarin a 1910. Da kalmar Ingilishi mai nufin lauje aka raɗa wa cutar suna a 1922, daga nan kuma Hausa ta samo sikila.

An yi kusan shekara arba'in ba a daidaita kan yadda ake gadonta ba. Gwajin da ake da shi shi ne a rufe ɗigon jini a hana shi iska, a ga ko zai lanƙwashe. To jinin majinyaci yana lanƙwashewa, na mahaifinsa mai lafiya ma haka, sai aka ɗauka abu ɗaya ne, mai tsanani ga wasu, mai sauƙi ga wasu, kuma ko uwa kaɗai ko uba kaɗai ya isa ya ba da shi. A 1949 mutum biyu suka warware zancen, kowa daga inda yake: James Neel a Amurka, da E. A. Beet, likita a Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau. Neel ya gwada iyayen majinyata, ya tarar kowane ɗaya, uwa da uba, jininsa na lanƙwashewa. Mai ƙwaya ɗaya ɗauke yake da ita kawai, mai biyu shi ne majinyaci. A shekarar kuma Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu a Kaliforniya suka ratsa lantarki cikin himogulobin, sinadarin da ke ba jini launin ja yake kuma ɗaukar iskar oksijin. Na majinyaci ya tafi daban da na mai lafiya, na mai ɗauke da ita ya rabu gida biyu. Wannan gwajin, da gyare-gyarensa, shi ne har yau asibitoci da yawa ke yi idan an ce a gwada jinotaif. A 1956 da 1957 Vernon Ingram a Kambirij ya gano ainihin inda bambancin yake: ɗaya daga cikin sarƙoƙin himogulobin tana da tubali 146 a jere, na shida ne kawai aka musanya da wani.

Musanyar nan guda ita ce tushen duk wahalar. Idan himogulobin mai musanyar, wanda ake wa alama da harafin S, ya sauke iskar da ya ɗauko, sai ya manne da 'yan uwansa su zama dogayen sanduna, ƙwayar jinin ta sandare ta lanƙwashe. Sandararriyar ƙwaya ba ta iya kutsawa ta ƙananan jijiyoyi, sai ta toshe su, naman da ke gaba ya rasa iska, ciwo ya tashi a ƙashi ko ƙirji ko ciki. Idan a ƙwaƙwalwa ne, ɓarin jiki ya shanye ko da yaro ne ɗan shekara biyar. Lafiyayyar ƙwaya tana kwana wajen 120 tana aiki, mai siffar lauje kuwa cikin kwana 10 zuwa 20 take mutuwa, shi ya sa jini ba ya isa. Jariri yakan yi watannin farko lafiya domin wani himogulobin daban da ya rayu da shi a ciki bai gama ƙarewa ba. Mai ƙwaya ɗaya kuwa, fiye da rabin himogulobin ɗinsa lafiyayye ne, kuma hakan ya isa ya hana sandarewar a rayuwar yau da kullum.

Haruffan da ake rubutawa a takardar gwaji, AA ko AS ko SS, biyu ne domin ɗaya na uwa ne, ɗaya na uba, A kuma shi ne lafiyayyen himogulobin. Idan AS ya auri AS, a kowane ciki kowannensu yana miƙa A ko S, kamar a wurga kwabo biyu sama. Hanyoyin faɗowa huɗu ne: ɗaya ta ba da AA, biyu su ba da AS, ɗaya ta ba da SS. Nan aka fi yin kuskuren fahimta. Wasu na ɗauka ɗa na huɗu ne zai zo da ciwon, har a ji masu cewa za su haifi biyu ko uku su tsaya. Wasu na ɗauka in an sami ɗaya, uku masu zuwa sun tsira. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, babu ruwansa da na baya. Ɗan fari na iya zama SS, mai bi masa ma haka. Idan aka tara irin waɗannan gidaje masu 'ya'ya huɗu-huɗu, lissafi ya nuna wajen ɗaya cikin uku ba za su ga ciwon ba sam, biyu cikin uku kuwa za su sami aƙalla ɗa ɗaya mai shi. Idan 'ya'yan takwas ne, gida ɗaya cikin goma ne kawai ke tsallakewa. Gidajen da suka tsallake su ake kafa hujja da su wajen gardama, a ce ga su wane AS ne su biyu kuma 'ya'yansu lafiya. Labarin gaskiya ne, amma yana cikin lissafin tun farko.

Idan AA ya auri AS ba a samun SS, rabin 'ya'ya dai za su ɗauki ƙwayar. Idan AA ya auri SS, duka 'ya'yan AS ne, babu majinyaci ko ɗaya. Idan AS ya auri SS, rabi ne ke zuwa da ciwon. Ko ɗan namiji ne ko mace, lissafin bai canja ba. Akwai kuma harafi na uku, C, wani canji daban a wannan gurbi na shida, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso. AS da AC kan haifi SC a ɗaya cikin huɗu, shi ma ciwo ne, ko da yake galibi bai kai SS tsanani ba.

A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, rashin sanin wannan yakan jawo zalunci. Miji AS ne, uwargida AA, amarya AS. 'Ya'yan uwargida duka lafiya, masu ciwo duka a ɗakin amarya suke. Ido na ganin haka sai ya yanke cewa ita ta zo da shi daga gidansu, dangin miji su sa ta a gaba, wani lokaci har a kai ga saki. Alhali ɗa ba ya zama SS sai da S ɗin ubansa. Rabin 'ya'yan uwargidar ma, a lissafi, suna ɗauke da ita daga uban nan, kuma za su kai ta gidajen aurensu.

Ƙwayar da ke kashe mai ita tun yana yaro kamata ya yi ta riƙa raguwa har ta ƙare, tunda ba ya kai wa ga haihuwa. Amma a wasu yankunan Afirka mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ita. Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya lura S ta yi yawa a bakin teku da gefen Tafkin Biktoriya inda sauro ya yi katutu, ta yi ƙaranci a kan tuddai inda babu shi sosai. A 1954 ya buga hujjar cewa yaro AS ya fi AA jure zazzaɓin cizon sauro mai kisa. Binciken da ya biyo baya a Gambiya da Kenya ya nuna kariyar daga zazzaɓi mai tsanani ta kai wajen kashi 90 cikin 100, ko da yake AS ma yana kamuwa, yana kuma bukatar gidan sauro da magani kamar kowa. Ke nan a ƙauyen da sauro ya yi yawa, amosani na ɗauke SS, zazzaɓi na ɗauke AA da dama, AS ne ke yawan tsallakewa ya girma ya hayayyafa. Cinikin bayi ta teku ya kai ƙwayar Amurka da Burazil da tsibiran Karebiyan, ta haka ta iso jinin ɗalibin nan na Shikago.

Ɗaya daga cikin hujjoji mafi ƙarfi a kan wannan daga ƙasar Hausa ta fito. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike a ƙauyukan gundumar Garki, lokacin tana jihar Kano, yanzu Jigawa, don a ga ko feshin ɗakuna da rabon magani ga kowa za su katse zazzaɓin cizon sauro. Tunda ana ɗibar jinin dubban mutane a kai a kai, Alan Fleming, masanin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da abokan aikinsa suka duba himogulobin ɗinsu, suka buga sakamako a 1979. A cikin sabbin haihuwa, kusan 2 cikin 100 SS ne. A cikin yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu adadin ya faɗi ƙasa da rabin ɗaya cikin 100, a cikin manya kuwa da ƙyar aka sami wani. AS ta tashi daga wajen 24 cikin 100 a jarirai zuwa wajen 29 a waɗanda suka haura shekara biyar. Ba jinin kowa ne ya canja ba, waɗanda suka rage ne aka ƙirga. Abin da iyaye mata na Garki suka daɗe suna kira wabi, wani kasonsa ke nan a takarda. A 2006 Hukumar ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da cutar kowace shekara a Nijeriya.

Auren zumunci, wanda Hausawa da Fulani suka riƙe don ƙara danƙon dangi da tsare dukiya a gida, ana yawan ɗora masa laifin duka. Yana da kaso, amma gwargwado. 'Ya'yan wa da ƙani sun haɗa wajen ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu. Ga cuta mai wuyar samu irin ta Garrod, wannan na ninka haɗarin sau gommai, domin da wuya bare ya zo da irin ƙwayar. Ga amosanin jini kuwa, idan aka ɗauka ɗaya cikin huɗu na jama'a na ɗauke da shi, lissafi ya nuna haɗarin na tashi ne daga wajen 16 cikin 1,000 zuwa wajen 22. Auren bare ba kariya ba ne, kuma ga yarinya AS, ɗan baffanta AA ya fi baƙo AS aminci.

Shigar da wannan ilimi cikin al'adar aure ya fara ƙarfi ne a Bahar Rum, kan wata cutar jini mai bin hanya ɗaya, talasimiya. A tsibirin Kubrus wajen mutum ɗaya cikin bakwai na ɗauke da ita. Tun shekarun 1970 aka fara gwada jama'a, a farkon shekarun 1980 kuma coci ya sa sharaɗin kawo takardar shaidar gwaji kafin aure. Takardar ba ta hana aure, tana nuna an gwada ne kuma an yi bayani. Haihuwar masu cutar ta ragu ƙwarai, ko da yake babban dalilin a can shi ne gwajin ɗan tayi da zubar da ciki, hanyar da doka da al'ada a Nijeriya ba su buɗe ba. Iran ta fara nata shirin a 1997, Saudiyya ta wajabta gwajin sikila da talasimiya a 2004. A shekarun farko, mafi yawan 'yan Saudiyyar da aka gaya wa jininsu bai dace ba sun ci gaba da aurensu, domin sakamakon na zuwa ne bayan an gama shiri.

A Nijeriya coci-coci da dama a kudu sun riga neman takardar. A arewa gwajin ya shigo tare da na ƙanjamau, ta hannun likitoci, ƙungiyoyin iyayen masu sikila, shirye-shiryen rediyo, da limaman da ke tambayar takarda kafin a shafa fatiha. Malaman da suka goyi baya sun kafa shi a kan ƙa'idar shari'a ta kauce wa cutarwa. A 2024 jihar Kano ta mayar da shi doka, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan wajabta gwajin jinotaif da ƙanjamau da ciwon hanta kafin ɗaurin aure. Binciken dattawa ya sami sabuwar tambaya, wadda yanzu samari da 'yan mata kan yi wa juna tun a wurin zance.

Sabuwar al'adar tana da rauninta, kuma mafi girmansa lokaci ne. Gwajin da aka yi bayan an kai lefe, an sa rana, an raba goro, yana zuwa ne lokacin da fasawa ta zama abin kunya ga gida biyu, kuma a nan ne ake samun ɓoye sakamako ko neman takardar bogi. Wanda ya san jininsa tun yana makaranta bai shiga wannan tsaka mai wuya ba. Ana kuma rikita jinotaif da rukunin jini na A da B da O, alhali ba su haɗa komai ba. Ƙaramin gwajin da ke nuna akwai S ko babu ba ya bambance AS da SS, ba ya kuma ganin C. Wanda aka ƙara wa jini cikin watanni uku na iya fitowa AS alhali SS ne. Ƙyamar AS kuwa ba ta da tushe: ba majinyaci ba ne, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na al'umma ba su zama marasa auruwa ba. Gwajin ma ba ya fitar da S daga cikin jama'a, tunda auren AA da AS na miƙa ta ga rabin 'ya'ya. Kowane sabon tashi sai ya yi nasa.

Ga waɗanda aka haifa da ciwon, abin da ya fi canja makomarsu shi ne gano shi da wuri. A 1986 wani bincike a Amurka ya nuna cewa ba jarirai SS fenisilin kullum yana rage mugun ciwon ƙwayoyin cuta da ke kashe su da fiye da kashi 80 cikin 100, kuma wannan ya sa gwajin jarirai tun ranar haihuwa ya yi ma'ana. Kwaku Ohene-Frempong ya fara irinsa a Kumasi a 1995. Maganin haidiroksiyuriya, wanda Amurka ta amince da shi a 1998, yana sa jiki ya koma yin himogulobin irin na jariri. An gwada shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. A 1984 aka buga labarin mutum na farko da dashen ɓargo ya warkar, an kuma yi dashe na farko a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin Casgevy, wanda ke gyara ƙwayoyin ɓargon majinyaci da kansa, a kan kuɗin da ya haura dala miliyan biyu. Dashen da Casgevy duka ɓargo suke taɓawa, inda ake ƙera jini, ba sa kai wa ga maniyyi ko ƙwan mace. Wanda aka yi wa dashe ya warke, takardar gwajinsa na iya nuna AA ko AS irin na wanda ya ba shi ɓargon, amma kowane ɗa da zai haifa S zai karɓa daga gare shi, kuma wajen aure lissafin SS ake yi masa.